Wane irin gado zan saya wa jaririna?

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Cikina wata bakwai, kuma na fari ne. Mahaifiyata tana so ta saya mini gadon jariri irin mai labule da leshi, wanda ake sayarwa da katifarsa da filonsa da matasan da ake zagaye gefe da su. Maigidana ya ce gara a ba kafinta ya haɗa. Wata ƙawata kuma ta ce za ta ba ni na gwanjo da 'ya'yanta suka bari, mai gefe ɗaya da ake saukewa a ɗaga. Wanne ya fi aminci, kuma ta yaya zan san yaro zai ji daɗin kwanciya a ciki? Garinmu akwai zafi da sauro sosai."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raba lafiya, Ya ba ki mai albarka. Na ji daɗi da kika yi wannan tambaya tun ciki yana wata bakwai, domin yawancin waɗanda ke zuwa wurina a ɗakin awo sai an riga an kashe kuɗi an kafa gadon a ɗaki suke tambaya, lokacin da faɗin gaskiya ya zama ɓata wa wani rai.

A cikin ukun nan, shawarar maigidanki na fi karkata gare ta, da sharaɗin ke za ki ba kafinta awo, kada a bar shi ya yi da ka. Gadon da Mama take so yana iya yin amfani idan katakonsa da awonsa sun yi daidai, amma sai an kwashe kusan duk kayan adon da suka sa ya burge ta. Na ƙawarki kuwa, ki yi mata godiya ki bar mata abinta. Zan faɗi dalilin kowanne, amma sai kin fara gane abin da muke tsoro, in ba haka ba duk awon da zan ba ki zai zama kamar tsirfa.

Jariri a watanninsa na farko kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Idan fuskarsa ta nutse cikin abu mai laushi, ba shi da ƙarfin ɗagowa ko kawar da kai, kuma ba lallai ya yi kuka ba. Numfashin da ya fitar shi zai riƙa mayarwa, iskar da ke ciki tana raguwa, har barci ya zarce. Akwai kuma mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci ba tare da an ga wata cuta ba. Ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4, kuma mafi yawanta kafin wata 6 take faruwa. A wurinmu ba a cika bincike ba, sai dai a ce an wayi gari babu shi, ko a ce uwa ce ta danne shi, ko a jingina abin ga iska. Rai a hannun Allah yake, babu mai ja da wannan, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin nan an gwada shi an ga amfaninsa. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 aka fara gangamin wayar da kai a kan kwanciyar rigingine, kuma cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a can. Ingila ma ta ga irin wannan raguwa bayan nata gangamin na 1991. Babu allura, babu magani, yadda ake kwantar da yaro da abin da ake kwantar da shi a kai kawai aka canza.

Saboda haka katifa ce gaba da komai, kuma a nan nake so kuɗinku ya fi tafiya. Mu manya mun saba auna daɗin kwanciya da laushi, sai mu ɗauka jariri ma haka yake. Shi abin da ke sa shi barci mai daɗi daban ne: ya ƙoshi, ya yi gyatsa, jikinsa a bushe, zafi bai dame shi ba, sauro bai cije shi ba, yana jin motsin uwarsa kusa. Laushin shimfiɗa ba ya cikin lissafinsa, illa ma ya ƙara masa zufa. Idan kin je wurin masu katifa, ki ɗora tafin hannunki a tsakiyarta ki danna da ƙarfi, sannan ki ɗaga. Katifar da ta dace za ta yi miki gardama, ta dawo daidai nan take ba tare da shatin hannunki ya zauna ba. Ki sake dannawa a gefe da kusurwa, domin wasu tsakiyar ce kawai mai tauri. Mai shago zai nuna miki wata mai taushi ya ce ita ce ta jarirai. Ki ce masa soso mai tauri kike so, kaurin inci 3 zuwa 4, kada ya wuce inci 6. Kuma sabuwa. Tsohuwar katifar wani yaro ta riga ta lotsa a inda ya saba kwanciya, ta sha fitsari da tumbuɗi, wani lokaci da kuɗin cizo a ɗinkinta.

Ledar da katifa take zuwa da ita daga kamfani, a cire ta. Na san dalilin da ya sa ake bari, kada fitsari ya lalata soso. Amma siririyar leda tana mannewa a hanci da baki, kuma a zafin Afrilu yaro yana kwance a kanta cikin zufarsa, bayansa duk ya feso da ƙurajen zafi. Abin da za a yi shi ne a sayi katifar da aka ɗinke ta da rufi mai hana ruwa shiga, ko a sa makintosh mai kauri wanda ya rufe ta gaba ɗaya aka soke shi ƙarƙashi ya ɗame, sannan a ɗora zanin gado na auduga. Zanin ma a kai wa tela ya sa masa roba a kusurwoyi daidai girman katifar, yadda ko yaro ya ja ba zai tattaro ya rufe masa fuska ba. Ki ɗinka uku ko huɗu, domin wanki zai yi yawa.

Katifar kuma dole ta cika gadon. Bayan an saka ta, ki tura ta gefe ɗaya, ki zura yatsunki tsakaninta da katako. Idan fiye da yatsu biyu suka shiga, ta yi ƙanƙanta, kuma wannan ramin ne jariri ke gangarawa fuskarsa ta maƙale. Kada a cike gurbin da tawul ko tsumma. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara sayen katifa, a kai wa kafinta ya haɗa gadon a jikinta. Girman da aka fi samu iri biyu ne: santimita 60 a 120, wato wajen ƙafa 2 a ƙafa 4, da kuma santimita 70 a 140. Ƙaramin yakan kai yaro wajen shekara biyu. Babban shi ne wanda ake cire masa gefe daga baya ya koma ƙaramin gado, ya yi wa yaro har shekara huɗu ko fiye. Idan ɗakinku zai ɗauka, babban ya fi riba. Amma ki auna ɗakin da faɗin ƙofa tukuna, kuma ki tuna a al'adarmu ƙani ba ya daɗewa bai zo ya karɓi gadon ba.

Yanzu ga abin da za ki faɗa wa kafinta, kuma ki rubuta masa a takarda. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6. Ƙa'idar Amurka inci 2 da uku bisa takwas ce, ta Turai kuma tsakanin santimita 4.5 zuwa 6.5. Don kada a yi ta lissafi, ki ce masa inci 2 da kwata. Kafintoci suna son buɗa tazara saboda katako ya yi auki aiki ya yi sauri, kuma a ido gadon ya fi kyau. Haɗarin shi ne jikin jariri ya fi kansa sirantaka: ƙafafu da ciki su zurara ta tsakanin sanduna, kai ya ƙi wucewa, yaro ya rataye a wuya. Ranar da za ku karɓo gadon, ku tafi da gwangwanin lemo, ku gwada tura shi a tsaye ta kowane gurbi, ɗaya bayan ɗaya, har da na kusurwa inda aka fi samun kuskure. Duk inda ya wuce, sai an gyara kafin a biya cikon kuɗi. Sandunan su kasance a tsaye. Idan aka gicciya wasu a kwance don ado, an yi wa yaro tsani ke nan.

Tsayin gefe kuma, daga saman katifa zuwa saman katako kada ya gaza santimita 50, wato inci 20, lokacin da shimfiɗar take a matakin ƙasa. Ki ce ya yi inci 26 daga katakon da katifa ke zama a kai, kin ga ko an ɗora katifar inci 4 akwai sauran tsayi. Ya yi wa gindin mataki biyu ko uku da ake ɗaurewa da noti, yadda za a sa shi sama lokacin da yaro yake ɗanye don kada bayanki ya sha wahalar sunkuyo, musamman idan aiki aka yi miki, a kuma sauke shi idan ya girma. Gindin ya zama jerin katakai masu 'yar tazara ko allo mai huji, don iska ta riƙa ratsa katifar ta ƙasa. Rufaffen filawud yana tara danshi, da damina sai ki ɗaga katifa ki ga ƙasanta ya yi baƙi.

Kada ya yi wa kusurwoyin gadon ƙahonni ko ƙwallayen ado da suka ɗago sama. Yaron da ya fara miƙewa wuyan rigarsa ko igiyar da ke jikinsa tana iya sarƙewa a nan. Kada ya huda allon kai da siffar zuciya ko tauraro, hannu da kai suna shiga. A haɗa da noti, domin ƙusa tana saki idan yaro ya fara jijjiga gado, kuma tsininta yana leƙowa. A goge ko'ina da samfefa har sai kin shafa da bayan hannunki ba ki ji sartse ba. Katako ya zama busasshe mai ƙarfi irin maɗaci. Ɗanyen katako yana bushewa ya karkace, tazarar da aka auna daidai ta buɗe. Allon garin katako da ake matsewa, wanda ake kayan ɗakin amare da shi, yana da kyau a ido amma ba ya shiri da ruwa, kuma noti ba ya daɗewa a jikinsa. Idan gadon ƙarfe za a yi wurin mai walda, awon duk ɗaya ne, sai dai a duba bakin walda kada ya bar kaifi, kuma kada a ajiye shi inda rana ke dukansa. Idan an sa tayoyi, aƙalla biyu su zama masu birki.

Fenti yana buƙatar magana ta musamman. Yaron da haƙori ke yi wa ƙaiƙayi, daga wajen wata shida, saman katakon gadon yake kamawa ya yi ta gurgura. Wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja, ana samun dalma a cikinsu, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta hanyar da ba ta gyaruwa. Mu a Arewa mun ga aikinta a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta jawo, amma gubar ɗaya ce, kuma babu adadinta da aka sani ba ya cutar da yaro. Ki sa maigida ya sayo fentin da kansa, mai narkewa da ruwa, wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma. Ko kuma a bar katakon haka nan da gogewarsa, wanda ni na fi so. Idan an yi fenti, gadon ya sha iska a waje har warin ya fita sarai kafin a shigo da shi, abin da ya sa ya kamata a ba da aikin tun yanzu.

Na ƙawarki, matsalarsa wannan gefen da ake saukewa. Ƙarafunan da yake zamewa a kansu suna saki ko su karye, gefen ya buɗe daga ƙasa, jariri ya faɗa tsakaninsa da katifa ya shaƙe. Bayan mutuwar jarirai fiye da 30 ta wannan hanya, hukumar kula da amincin kayayyaki ta Amurka ta haramta ƙera irin gadon da sayar da shi tun Yunin 2011. Kayan da aka daina amfani da su a can kuwa ba wuya su biyo kwantenar gwanjo su iso kasuwanninmu. Gadon da ya yi 'ya'ya biyu ko uku, aka kwance aka ɗaura sau da yawa, da wuya notinsa su cika, kuma ɗaure gefen da waya ko igiya ba gyara ba ne. Ban ce duk gwanjo ba shi da kyau ba. Wanda gefensa huɗu a kafe suke, tazararsa ta ci gwajin gwangwani, fentinsa ba ya ɓarewa, ba ya girgiɗi idan an jijjiga shi, ana iya amfani da shi da sabuwar katifa. Idan ana zargin kuɗin cizo, a kwance shi a wanke da tafasasshen ruwa da sabulu a shanya a rana. Kada a kuskura a fesa masa fiya-fiya, guba ce da ke shiga ta fata da numfashi, kuma a katakon nan yaro zai sa baki.

A cikin gwanjo kuma za ki ga wasu kujerun kwantar da jarirai masu gangara, masu lilo, waɗanda kai ke sama ƙafa na ƙasa. A Afrilun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye wajen miliyan 4.7 na irin wannan mai suna Rock 'n Play bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30. A kan gangara kan jariri yana faɗowa gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar iska ta matse. A 2022 Amurka ta sa hannu a dokar da ta haramta irin waɗannan, tare da matasan soso da ake zagaye gefen gado da su. Ƙa'idar likitocin yara ita ce duk shimfiɗar da gangararta ta wuce digiri 10 ba wurin barcin jariri ba ce. Don haka kada a sa filo ƙarƙashin katifa wai don tumbuɗi, kuma idan ya yi barci a kujerar mota, da an iso gida a mayar da shi gadonsa.

Wannan ya kawo mu gadon Mama. Irinsa kyan ɗan maciji gare shi. Matasan gefen nan an ƙirƙiro su ne tun lokacin da tazarar sanduna take da faɗi, don kada kai ya shiga. Idan tazara ta yi daidai ba su da aiki, sai haɗari: jariri ya mirgina ya manna fuska a jiki, igiyoyin ɗaurinsu su naɗe shi, idan ya girma kuma ya taka su ya haura. Suna kuma tare iska, abin da ba a so a garin zafi. Iyaye suna tsoron kada yaro ya buga kai a katako, amma jariri ba shi da ƙarfin da zai ji wa kansa mummunan ciwo ta haka. Filo kuwa, ko ɗan ƙaramin nan mai rami a tsakiya da ake cewa yana gyara kai, ba ya shiga gado kafin shekara ɗaya, kuma ko an kai biyu babu asara. Haka 'yar tsana, da bargo mai gashi, da labulen leshi da ke zubowa ciki. Gadon jariri katifa ne da zani da jariri, shi ke nan. Idan kina tsoron ƙeyarsa ta baje saboda rigingine, ki riƙa sauya ɓangaren da kansa ke kallo, ki kifa shi a kan tabarma ko a ƙirjinki yana farke kina kallonsa, goyo ma idan ya isa yana taimakawa.

Na taɓa shiga duba wata mai jego cikin watan Afrilu da rana tsaka, na tarar da jaririn a cikin 'yar katifar nan mai naɗewa da ke zuwa da gidan sauronta, an ɗora ta a kan gadon uwar. Yana sanye da hula da safa da rigar sanyi, an naɗe shi da shawul, an kifa shi a kan filo, an zuge zif. Da na zura hannu ƙeyarsa sharkaf take da zufa, fuskarsa ta yi ja, hancinsa saura kaɗan ya nutse a filon. Kakarsa tana gefe, kuma duk cikin ƙauna ta yi, tsoronta kada sanyi ya kama shi. Ba a yi faɗa ba. Na kama hannunta na sa a ƙeyar yaron, ita da kanta ta fara cire hular. Haka nake so ki bi da Mama. Ki roƙe ta ta sayi katifa mai kyau da zannuwa da gidan sauro, ko ta biya kuɗin katakon. Idan kuma ta riga ta ƙwallafa rai a wancan gadon, a auna shi kamar yadda na faɗa, a yi ado da leshin ranar suna a ɗauki hoto yaro yana hannu, da dare a kwashe.

Za a ce miki idan aka kwantar da shi rigingine zai ƙware da tumbuɗi. Halittar maƙogwaro ta nuna akasin haka. Hanyar iska tana gaba, ta abinci tana bayanta. Idan yaro yana rigingine, abin da ya taso yana komawa ta hanyar abinci da ke ƙasa, idan kuwa yana kife, sai ya taru a bakin hanyar iska. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, domin daga ita sai kifewa. Rigingine kowane barci, dare da rana. Idan ya kai lokacin da yake juyawa da kansa ta ko'ina, wajen wata biyar zuwa shida, ki kwantar da shi rigingine ki bar shi ya zaɓi yadda yake so, ba sai kin kwana kina juya shi ba. Naɗe shi da zani kuma a daina da zarar ya fara yunƙurin juyi.

Sauro ba abin wasa ba ne a wurinmu. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya fi kashewa. Don haka gidan sauro dole ne, duk da na ce kada a sa komai a gado. Dabarar ita ce yadda aka ɗaura shi. Ki yi amfani da mai magani irin wanda ake rabawa a wurin awo, a shanya sabo a inuwa kwana ɗaya kafin a fara amfani da shi. A rataye shi daga sama ya rufe gadon ta waje, ya ɗame, a soke bakinsa yadda babu ƙofa, kuma babu rarar da ta zubo inda hannun yaro zai kai. Kafinta yana iya yin firam na daban da zai riƙe shi can sama. Idan gidan sauronku babba ne, ya rufe gadonku da nasa gaba ɗaya, wannan ma ya yi, kuma ya fi sauƙin shayarwa da dare. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta kada su kwana a ɗakin da yake, hayaƙinsu yana cutar da huhunsa. Taba sigari kuwa ko a tsakar gida a nisanta ta da shi.

Littattafan Turawa suna cewa ɗakin jariri ya kasance digiri 16 zuwa 20. Wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a bazara ya san wannan ba namu ba ne. Abin da za ki riƙe shi ne taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. Hannu da ƙafa kullum sun fi sauran jiki sanyi, kada su ruɗe ki. Idan ƙeya tana zufa, a rage kaya. Da zafi singileti da famfas sun isa, fanka tana juyawa a ɗaki ba tare da an saita ta a kansa ba. Da hunturu a ƙara masa kaya a jiki maimakon lulluɓi, idan kuma za a rufa, bargo marar nauyi, a kwantar da shi ƙafafunsa suna taɓa ƙarshen gado, a soke bargon ƙarƙashin katifa iya ƙirji, yadda ba zai zame ya shige ciki ba. Ban da hula a cikin ɗaki lokacin barci, sai fa bakwaini da likita ya ce a sa masa. Garwashin da ake shigowa da shi ɗakin mai jego a rufe ƙofa da taga yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, haka hayaƙin janareta idan yana kusa da taga. Duk wani abu mai igiya a wuya, ko laya ce ko sarƙa ko abin tsotso, a cire kafin barci.

Gadon ya zauna a ɗakin da kike kwana, kusa da naki, aƙalla wata shida na farko. A nisanta shi da labulen taga, da soket, da wayar caja, kuma kada a rataye komai mai nauyi a bangon da ke kansa. Tunda haihuwar fari ce, mai yiwuwa gida za ki tafi wanka. To kwana arba'in ɗin nan ma suna cikin lissafi, kada gado yana ɗakinki a kulle jariri yana can ana kwantar da shi a kan kushin. Ko dai a kai gadon can, tunda mai noti ne ana kwancewa, ko a tanadi ƙaramin kwando mai faffaɗan gindi da siririyar katifa mai tauri daidai cikinsa. Wannan ba abin kunya ba ne. A ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati take ba masu haihuwa kwalin kayan jarirai da 'yar katifa a ciki, kuma jarirai da yawa a kwalin suke fara barci. Wanda ba shi da halin gado ma, katifa mai tauri a ƙasa, nesa da bango, cikin gidan sauro, ta fi gadon ado mai laushi aminci, in dai an tsare ta daga yara masu guje-guje.

Na san kuma ko da gado, akwai daren da za ki ɗauko shi shayarwa barci ya sace ki. Yawancin matanmu da jariransu suke kwana, kuma shayarwa kanta tana rage haɗarin mutuwar fuju'a, don haka ba zan ce ki daina ɗauko shi ba. Ki dai shirya gadonki tun kafin ki kwanta: filo da bargo nesa da shi, babu rami tsakanin katifa da bango, babu wani yaro a gefensa, idan kin farka ki mayar da shi nasa. Amma kada ki taɓa yin barci da shi a kan kushin ko kujera, nan ne haɗari ya fi ko'ina. Kada kuma ya kwana a gadonku idan bakwaini ne, ko an haife shi ƙasa da kilo 2.5, ko kin sha maganin da ke sa barci, ko ɗayanku yana shan taba.

Bayan an fara amfani da gadon, duk bayan 'yan makonni a bi notin a ƙara ɗaurewa, musamman da hunturu lokacin da katako ke bushewa ya saki. A sauke gindin mataki ɗaya kafin ya fara zama, wajen wata biyar zuwa shida, a kai shi can ƙasa kafin ya fara dafa abu yana miƙewa, wajen wata takwas zuwa tara. Abin wasan da ake ratayewa a sama a cire shi da zarar ya fara ɗagowa da hannu da gwiwa. Ranar da kika ga ya ɗora ƙafa a saman katako, ko tsayinsa ya kai santimita 89, ko gefen ya dawo masa ƙasa da ƙirji, zaman gadon a haka ya ƙare, domin faɗowa daga saman gefe ta fi faɗowa daga ƙaramin gado muni. Idan babban kuka yi, a cire gefe ɗaya a shimfiɗa tabarma mai kauri a ƙasa. Idan ƙaramin ne, a sauke masa katifa ƙasa, a kwance gadon a ɗaure notinsa cikin leda a jikinsa, a ajiye inda gara ba za ta kai ba.